Baba Yusha'u da Fiyanon Papa

Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Yusha'u Nagoda, tsohon hedimasta, mazaunin Tudun Wada a nan Zariya. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Allah ne ya ba mu shi, shi ne kuma ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa. Sunana Adaugo, 'yar Uche mai kantin takalma. Ibo ce ni, Kirista kuma, amma a layinsu aka haife ni, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa, kuma tun da na buɗe baki ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba.

Baba, da kai zan yi magana, don da kai nake da magana. Jama'a sun cika ƙofar gidanka, kowa na faɗin alherinka, har da ɗalibanka masu furfura. Ni kuwa na zauna cikin mata kusa da Inna Larai, matarka, kuka da fushi sun haɗe mini. Kukan ya ɗan lafa. Fushin yana nan, kuma ka san dalili.

Ba a makarantarka na yi karatu ba, amma ban tsira daga jan bironka ba. Ina dawowa za ka tare ni a ƙofar gida ka ce in kawo littafi, ka sake duba abin da malamina ya riga ya duba, ka gano kuskuren da ya tsallake, ka gyara mini, ka gyara masa. Kai ka koya mini rubuta Hausar da nake rubuta maka yau. Kai ka laƙaba mini Sarkin Faɗa, ya bi ni har na girma. Ranar da Mama ta rasu, kai ka tsaya a bakin cocinmu cikin rana da babbar rigarka har aka gama addu'a, ba ka shiga ba, ba ka kuma tafi ba.

Tsakaninka da Papa, mahaifina, kuwa sai Allah. Kullum da yamma kuna kan benci ɗaya kuna musu a kan labaran rediyo, ban taɓa jin kun yarda da juna a kan komai ba. Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara waccan, bakinsa ya rufe, masu zuwa dubiya suka yi ta raguwa har suka ƙare. Kai ba ka fasa ba. Sai ka zauna gefen gadonsa ka kawo maganarka, ka kawo tasa amsar da bakinka, sannan ka ƙaryata shi. Wani lokaci har ka bar shi ya ci musun.

Ni ina aiki a wani kantin magani a Kwangila, safe zuwa yamma, babu mai zama da Papa. Don haka yayana Olisa ya yanke cewa farkon watan Mayu zai zo da mota ya tafi da shi gida, Nnewi, tafiyar da dukanmu muka san babu dawowa. Tun da aka gaya wa Papa, sai ya kafa wa saman wadirob ido, ya wuni a haka. Ni ban kula ba. Kai ka kula, ka tambaye ni mene ne naɗe cikin tsohon zani a can sama.

Na'urar kiɗa ce, irin wadda makaɗa ke kira sintesaiza, mu a gida fiyanon Papa muke ce mata. Ƙarama ce, gefenta katako, fuskarta cike da maɓallan murɗawa, kuma sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Da ita Papa ya ci abinci a samartakarsa, yana kiɗa a otal da wuraren biki, kafin ya buɗe kanti. Ta mutu tun ina goye, ban taɓa jin kukanta ba. Ka sa na sauko da ita, ka ɗora ta a cinyar Papa. Ya shafa ta da hannun hagu, ya danna, shiru. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Nan take ka ce, "Uche, ba za ka bar garin nan ba sai ka ji ta."

Haba Baba! Kai da ko fulogin dutsen guga ba ka taɓa ɗaurewa ba? Na faɗa maka haka a gaban idonka. Na ce a kai wa masu gyara. Ka kinkime ta a keke napep har Kongo wajen Salisu mai gyaran rediyo, ya buɗe, ya leƙa, ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba, kuma ba zai sa hannu a abin da in ya ɓaci ba shi da inda zai samo wani ba. Ya nuna maka wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa a jikin allon da ke cikinta. Ya ce an daina yin irinsa tuntuni, in ya ƙone magana ta ƙare, sai dai a mayar da ita saman wadirob. Da ka ba ni labari na ce to a bar ta mana. Matacciyar fiyano mai cikakken jiki ta fi ƙonanniya, ko ba komai Papa zai tafi da ita yana sa rai. Ka ce mini sa rai ba abinci ba ne ga mutumin da ba shi da lokaci.

Haka ka koma ɗan aji ɗaya da furfurarka. Ka sayi mitar gwada wuta da ƙarfen narka dalma. Ka share zaurenka ka kafa tebur. Salisu ya tara maka matattun rediyoyi, ka yi ta cire musu kayan ciki kana mayarwa, har yatsunka suka cika da tabon ƙuna, ni ce mai kawo maka man shafawa ina mita. Ka zauna da waya a hannu kana kallon Turawa suna gyaran irinta, ka tsayar, ka koma baya, ka sake kallo, kana yi musu faɗa wai suna sauri kamar ana korarsu. Da ka zo buɗe ta Papa kuwa, ba ka cire waya ko ɗaya ba sai da ka ɗauke ta hoto ta kowane gefe. Cikinta kashin kyankyasai ne da ƙura, ga wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasito sun kumbura sun zubar da ruwa, dole ka canza su.

Dabara ɗaya Salisu ya ba ka, ya ce kada ka kuskura ka jona ta da wuta kai tsaye. A sa ƙwan fitila a tsakani. In ƙwan ya yi haske ya koma ja-ja, lafiya lau. In ya tsaya da haske fes, akwai inda wuta ke haɗuwa, a zare da gudu. Amma sai irin ƙwan da, mai zaren waya a ciki. Ka zaga kasuwar Tudun Wada kanti-kanti, kowa na miƙo maka na zamani. A ƙarshe wajen wata mai kiwon kaji ka samo, daga cikin waɗanda take ɗumama 'yan tsaki da su. Ka dawo kana haki, ka zauna a dakali ka daɗe ba ka iya magana ba. A ranar na fara lura ƙafafunka sun kumbura har silifas ya shige cikin nama. Na tambaye ka, ka ce zafin gari ne. Na ce zafin gari ba ya kumbura ƙafa, mu je asibiti. Ka ce, "Sarkin Faɗa, bari in gama da wannan majinyaciyar tukuna."

Ranar da ka fara jona ta ina tsaye a kanka. Ka yi bisimilla ka danna. Ƙwan ya kama fes kamar rana, bai rage ba, kafin ka kai hannu sai ji muka yi fas! Hayaƙi ya tashi, wari ya cika zauren. Na yi maka ihun da ban taɓa yi wa babba ba, na ce ka kashe ta, ka huta. Ka sa tabarau, ka bi hotunan wayarka ɗaya bayan ɗaya, har ka gano kafasito guda ka sa shi a juye, shi ne ya fashe. Ko ɗan baƙin abin nan ya tsira, babu mai iya gaya mana sai an sake jonawa. Muka kwana biyu da wannan a ciki, ina shiga ɗakin Papa ina kauce wa idonsa.

Da ka canza ka sake dannawa, ƙwan ya yi wal, sannan ya koma ja-ja a hankali. Ka taɓa maɓalli ɗaya, sai ga wani kuka siriri kamar na sauro a kunne. Wallahi ban taɓa jin mummunan sauti mai daɗinsa ba. Na durƙusa a ƙasa ina dariya ina kuka. Rabin maɓallan fiyanon ba su amsa ba, ka bi su ɗaya-ɗaya da auduga da sifirit ɗin da na kawo daga kanti kana goge tsatsa, har kowanne ya buɗe baki.

Saura saiti. Ka sa wata manhaja a waya mai nuna ko sauti ya zauna daidai, ta nuna maka duk a karkace suke, kuma in aka yi sama karkatar ƙaruwa take. Turawanka suka ce akwai wasu ƙananan sukuru biyu a jikin allo, da su ake daidaitawa, bayan an bar na'urar ta yi ɗumi. Ka yi ta murɗawa har allurar wayar ta tsaya cak a tsakiya a kan kowane maɓalli. Ka kira ni ka nuna mini kana washe baki, ka ce yanzu kowa ya shiga layi. Hedimasta dai har gobe.

Ranar Laraba muka kai wa Papa, motar Olisa kuma Asabar za ta tashi. Ka jona, ka ɗora masa a kan matashi. Ya danna ɗaya, idonsa ya buɗe. Ya bi da yatsunsa a kan wasu 'yan maɓallai, ya tsaya. Ya sake bi. Sai na ga fuskarsa tana canzawa. Ya sake, da ƙarfi wannan karon, ya sake, sannan ya ture ta da hannunsa mai lafiya har sai da na tare ta kada ta faɗi. Ya juya wa bango fuska. Ranar bai ci abinci ba, kai kuma da ka yi masa magana ko motsi bai yi ba.

Inna Larai ce ta warware mana, don ta jiyo komai ta kan katanga. Ta leƙo zaure ta ce, "Malam, ai ba haka take kuka ba." Ka ce ita ina ta sani. Ta ce a bikinku Baban Ada ya yi wa mata kiɗa da ita, shi da marigayi Ɗantsoho mai goge. Tana tune da yadda suka ɓata wa 'yan biki lokaci, sun buɗe bayan fiyanon, Ɗantsoho na jan goge, Uche na murɗa wani abu a ciki, har sai da muryoyin biyu suka zama ɗaya, mata na ta yi musu tsiya. Kai kana can wajen abokanka, ango ba ya shiga taron mata. Otal kuwa ba wurin zuwanka ba ne. Shekara da shekaru kuna benci ɗaya da mutumin nan, ashe ko sau ɗaya ba ka taɓa jin kiɗansa ba.

Ashe karkatar nan ba ciwo ba ce. Papa ne ya karkatar da ita da hannunsa don ta bi goge, ta zauna a haka duk tsawon shekarun nan, kai kuma ka zo ka miƙar. Ka ɗauki hoton kowace waya, amma ba ka sa wa sukurun nan alama ba kafin ka murɗa, don ba ka ga abin da za a adana a kuskure ba. Ɗantsoho ya rasu. Babu kaset. Mutum ɗaya da ya san inda sukurun yake ba ya magana, kuma ya juya mana baya.

Na ce maka ya isa haka, ka yi iya yinka. Leɓɓanka sun yi duhu, in ka yi magana sai ka tsaya ka ja numfashi a tsakiya. Ka ce, "Da lafiyarta na same ta ta wannan wajen, ni na ɓata. Ba zan ba shi ita a haka ba." Ka roƙi Inna ta rera abin da ta ji ranar bikin. Ta ce ita da jikoki, ta yi waƙa a zaure? Da ƙyar ta yarda ta tsaya bayan ƙofa inda ba mai ganinta. Tana rerawa, ina dannawa, kana murɗawa. Alhamis ta wuce a haka, Juma'a ma. In ka gyara sukuru ɗaya sai ɗayan ya gudu. In rana ta take na'urar ta yi zafi, sautin ya zame. In wuta ta yi ƙasa, ya sake zamewa. Inna ta ce ya yi kusa, can ta ce a'a ya wuce, can ta ce ita ma ta rikice. Sukurun kuma tsoho ne, bakinsa ya fara cinyewa, Salisu ya ce in ya karye shi ke nan.

Asabar da safe Olisa ya gama ɗaure kaya, direba na ta danna oda, ga shi an ɗauke wuta. Ka aika aka jawo waya daga janareton mai aski. Olisa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, hanya da nisa, a ba mu ita haka nan, mun gode." Ka ce ya ba ka kaɗan, ba ta yi ɗumi ba. Ya dube ni, na kawar da kai. Aka ɗauko Papa a kujera za a sa shi mota, dole a bi ta ƙofar zaurenka. Daidai nan Inna ta ɗauki waƙar daga bayan ƙofa, ni kuma na danna. Papa ya miƙa hannu ya cafke ƙyauren, masu ɗauke da shi suka ja, ya ƙi saki.

Suka shigo da shi suka ajiye kusa da kai. Bai dube ka ba. Wuyan hannunka ya kama, wanda ke riƙe da sukudireba. Ka murɗa kaɗan, ya matse. Ka koma baya, ya sassauta. Ka ƙara, ya sake matsewa har na ga farcensa ya shiga fatarka. Gumi na ɗiga daga haɓarka a kan tebur, numfashinka na fita da ƙara, ni kuma idona na kan bakin sukurun nan da ya kusa rabewa. Direba ma ya bar oda. Ka koma kan na biyun, ka taɓa shi taɓawar da ban ma ga ya motsa ba. Sai Papa ya sake ka. Ya ture hannuna daga kan fiyanon ya ɗora nasa.

Ban san me zan ce a kan abin da na ji ba. Ba irin fiyanon coci ba ce, kuka take kamar mutum, tana lanƙwasa tana bin muryar Inna duk inda ta bi. Inna ta manta da kunya ta fito fili da mayafinta tana rerawa tana share hawaye. Olisa, ƙato da shi, ya rufe fuska da hula. Papa na kiɗa da hannu ɗaya, gefen bakinsa mai lafiya na dariya. Kai kuwa ka jingina da bango ka ce, "Ashe haka ka iya, Uche? Amma ka ɓoye mini." Da aka gama ka yunƙura za ka tashi ka raka shi mota, ƙafafunka suka ƙi.

Mota biyu suka bar layinmu a safiyar nan, ta Olisa da ta maƙwabcin da ya ɗauke ka zuwa asibiti, ina riƙe da kanka a baya. Hanyar Nnewi ta Kaduna take, mai zuwa Kaduna daga Tudun Wada kuma ba shi da abin yi a Kwangila inda muka bi, amma Olisa ya ce Papa ya yi ta dukan kujerar direba har sai da suka biyo bayanmu. A ƙarƙashin gada muka rabu. Na ce maka ga su can za su hau titi, ka ɗaga hannu ba tare da ka buɗe ido ba.

A asibiti na ji sauran. Likita ya duba katinka ya ce tun watan jiya ya ce a ba ka gado, zuciyarka ce, kai ka ce kana da aiki a hannu, za ka dawo. Na juya na dubi Inna, ta sunkuyar da kai. Ta sani, ka hana ta faɗa. Wannan shi ne fushina, Baba. Ka san aikina ke nan, ka san da na ji da na kulle fiyanon nan a ɗakina na ja ka asibiti ko kana so ko ba ka so, shi ya sa ka rufe ni. Na faɗa maka haka a gadon asibiti, ka yi murmushi ka ce ai shi ya sa. Likita bai ce da ka zo da wuri da ka tashi ba, bai kuma ce da ba ka tashi ba. Kwana ya ƙare, na sani, an gaya mini, ni ma na gaya wa wasu. Amma ni mutum ce, kuma ubanni biyu nake da su a layin nan, cikin wata ɗaya na wayi gari babu ko ɗaya.

Ban san ko abin da ka yi daidai ne ba. Na dai san mahaifina ya bar Zariya yana dariya, kuma kai ka saya masa wannan.

Allah ya ji ƙanka, Baba. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka tsaya wa maƙwabcinka, Allah ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Larai, da 'ya'yanka Ashraf da Fiddausi da Bahijja, da jikokinka, da ɗalibanka, da dukan mutanen layinmu. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu, ya kyautata namu ƙarshen.

Saura mutum ɗaya da ban yi wa ta'aziyya ba. Olisa ya ce kullum da yamma Papa kan sa a jona masa fiyanon, ya yi kiɗa, sannan ya nuna waya da hannu, wai a kira ka ka ji. Har yau ce masa ake kana barci. Na hana kowa ya gaya masa, wannan ba maganar waya ba ce. Jibi zan hau mota in je in faɗa masa da bakina, da Hausa, yadda kuka saba magana. Ku taya ni da addu'a, Allah ya ba shi ikon ɗauka, ni kuma ya ba ni ikon faɗa.